Sana'ar sabulun ruwa tana neman cinye min hannu, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya kai min iya wuya. Shekara biyu ke nan ina haɗa sabulun ruwa na wanke-wanke ina sayarwa a gorori, kuma tun rasuwar maigidana da shi nake biyan kuɗin makarantar yarana uku. Shekarar farko ban ga komai ba, iyakaci hannu ya bushe, in shafa basilin ya wuce. Daga bayan ƙaramar sallah abin ya sauya. In na yi haɗi ranar Asabar, a ranar lafiya lau, sai Litinin ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso min a gefen yatsu da bayan hannu, ga ƙaiƙayin da ke tashina cikin dare. In sun fashe fatar ta tsattsage, alwala ma sai na cije baki. Yanzu har fatar idona tana kumbura tana saɓa. Na sayi wani mai a kemis, in na shafa kwana uku ya lafa, ina bari ya dawo fiye da da. Abin da nake zubawa: kostik soda, soda ash, salfonik, teksafon, naitrosol, kala, turare, sai fomalin don kada ya lalace. Mene ne wannan, kuma yaya zan yi? Ba ni da wata sana'ar.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya raya marayun nan. Ki samu man kaɗanya na asali, wanda ba a sa masa turare ba, ki riƙa shafawa da dare. Ni ya taimaka min da tsagewar hannu a hunturu.

Wata mai irin sana'ar: Kostik ne ke cin ki, Anti. Ni ma ya taɓa saɓe min tafin hannu. Ki sayi safar roba mai tsawo zuwa gwiwar hannu, kuma ki daina juyawa da gajeriyar muciya.

Mai harhaɗa magunguna: Sannu Hajiya. Shawarar safa tana da kyau, amma bayaninki ya sa ban tsaya a kan kostik ba. Kostik ƙuna yake yi, nan take ko cikin 'yan awoyi za ki ji zafinsa, a daidai inda ya taɓa, kuma kowa ya taɓa zai ji. Naki kuwa sai bayan kwana biyu yake fitowa, ƙaiƙayi ya fi zafi yawa, kuma ya kai fatar ido inda ba ki zuba komai ba. Wannan ya fi kama da alajin fata, inda garkuwar jiki take ɗaukar wani sinadari a matsayin abokin gaba. Irin wannan alajin ba ya gaggawa, yakan ɗauki awa 24 zuwa 72 kafin ya bayyana, shi ya sa mutane ba sa gane mai laifin.

A cikin kayan da kika lissafa, biyu ne suka yi suna wajen haka: fomalin da turare. Na fi zargin fomalin. Ruwa ne da aka narkar da iskar formaldehyde a cikinsa, kusan kashi 37 cikin 100, kuma yana tashi sama da zarar an buɗe murfi. Wannan warin da ke sa ki hawaye shi ne ke sauka a fatar ido, wadda ta fi ko'ina laushi a jiki. Kostik da sabulun ma suna da hannu ta wata hanya: su ne suka fara busar da fatar suka tsaga ta, fomalin ya samu ƙofar shiga.

Man da kika saya, duba kwalin. In kin ga clobetasol ko betamethasone, maganin danne kumburi ne mai ƙarfi. Yana kwantar da ƙurajen, amma bai taɓa abin da ke kawo su ba. Don Allah kada ki kai shi kusa da ido. Yawan shafa shi yana sa fata ta yi siriri, a gefen ido kuma yana iya ƙara matsin cikin ido.

Mai tambaya: Na gode Malam, na duba, clobetasol ɗin ne a jiki. Amma abin da ya ɗaure min kai, shekara guda cur ina zuba fomalin ɗin nan ba abin da ya same ni. Me ya sa sai yanzu?

Mai harhaɗa magunguna: Haka yake yi. Ba a haihuwar mutum da wannan alajin, jiki koyonsa yake yi a hankali, wani cikin makonni, wani sai bayan shekaru. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne in jiki ya riga ya koya, da wuya ya manta, kuma daga nan ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da shi. Sannan ki lura, fomalin ɗin yana nan a cikin sabulun da kika gama haɗawa. In da shi kike wanke-wanken gidanki, to kullum kina taɓa shi, ba ranar haɗi kaɗai ba.

Ma'aikaciyar jinya: Na yi aiki a sashen fata, kuma ina goyon bayan Malam, sai dai zargi ba tabbaci ba ne. Ki je asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ko na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya in kina wajejen nan, ki ce likitan fata kike son gani. Ki tafi da duk abin da kike taɓawa, har man shafawarki da shamfu. Ki tambaye shi gwajin manne. Ana ɗiga sinadarai daban-daban a ƙananan faifai a manna a gadon baya, a bar su awa 48 ba tare da ruwa ya taɓa wurin ba, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wurin da ya yi ja ya tasa, shi ne amsar. Kada ke da kanki ki ɗiga fomalin a jikinki da sunan gwaji, ƙona ki zai yi. Na asibiti an sirka shi ƙwarai.

In ya tabbata shi ne, sai kin koyi karanta bayan kwalba, domin akwai sinadaran hana lalacewa da ke sakin formaldehyde sannu a hankali alhali sunansa bai fito a rubuce ba: DMDM hydantoin, quaternium-15, imidazolidinyl urea, diazolidinyl urea da bronopol. Ki rubuta su a takarda ki ajiye a jaka. Akwai kuma wani na daban, methylisothiazolinone, da ake samu a shamfu, sabulun ruwa, jiƙaƙƙen tishun goge jarirai da fentin ɗaki. Ya addabi mutane sosai har ƙungiyar likitocin alajin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2013, Tarayyar Turai kuma ta hana sa shi a kayan shafar da ake bari a jiki daga 2017. Alajinsa dabam ne da na fomalin, amma mai hannu kullum a cikin sabulu tana iya kamuwa da duka biyun, shi ya sa gwajin ya fi hasashe. Basilin zalla ba shi da ruwa a ciki, don haka ba ya buƙatar irin waɗannan sinadarai. Ki riƙe shi.

Mai ƙunshi: Wallahi Anti kamar labarina kike bayarwa, ni baƙin lalle ne ya yi min. Shekaru ina zana wa amare, rana ɗaya yatsuna suka ɗuri ruwa. Likita ya ce sinadarin PPD ne da ke cikinsa, kuma ya hana ni rinin gashi baƙi, don shi ma yana da shi. Na yi kuka ranar. Yanzu jan lalle nake yi zalla, ciniki ya ragu amma bai tsaya ba.

Hajiya Babba: 'Yata, ki huta da haɗin nan na ɗan lokaci ki ga abin da hannun zai yi. Ki samu wata ta haɗa miki a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ke ki riƙe sayarwa da lissafi. Kada ki sa yaran su zuba fomalin ɗin nan, kada a gyara ɗaya a ɓata uku. In jari ne matsalar ki yi min magana ta gefe.

Mai harhaɗa magunguna: Ƙari kaɗan kan safa. Ki nemi ta naitiril, wadda galibi shuɗiya ce, ta fi ta roba tare fomalin. Ki sa ta auduga a ciki saboda gumi, in ta huje ki jefar.

Mai tambaya: Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan mako uku. Na bi maganar Hajiya, ƙanwata ce ke haɗin yanzu, da safa, a waje, ni ko kusa ba na zuwa. Na daina wanke-wanke da sabuluna. Tsagewar ta haɗe, kumburin idona ya sauka, jiya na yi alwala ban ji zafi ba, alhamdulillah. Sai dai ranar Juma'a na wanke wa ƙaramar 'yata kai, Lahadi ƙuraje uku suka fito a babban yatsana. Na ɗauko takardar da Sista ta ce in rubuta, na juya kwalbar shamfun, ga DMDM hydantoin a layi na biyar. Na samu ganin likitan fata ranar Talata mai zuwa, zan tafi da kwalbar. Malam, wata tambaya ta hana ni barci: matan da ke sayen sabuluna, hannunsu kullum a cikinsa yake. In muka cire fomalin gaba ɗaya muka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako, hakan zai yiwu?