Hoton katangar ƙasa: na gaza ne idan masu kallo suka ga abin da ban nufa ba?

Ɗan Dala: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan tsofaffin katangun ƙasa a cikin birnin Kano, kuma nakan matsa kusa har gidan ya ɓace, ba abin da zai rage sai tsagewar yaɓe, da sawun yatsun magini, da inda makuba ta ɓare tubali ya leƙo. Akwai wanda na ɗauka da sanyin safiya, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe, kowane ɗan rami ya samu inuwarsa. Aikin hannun magina nake so a gani. Amma da na wanke hoton na nuna, wata baiwar Allah ta ce fuskar tsohuwa take gani, wani ya ce gonar da fari ya cinye ce, wani kuma ya tambaye ni dalilin ɗaukar bango. Tun daga ranar gwiwata ta yi sanyi. Shin laifin hoton ne, ko kuwa ban iya ba ne?

Malamar Zane: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya same ka ya sami waɗanda suka fi mu. A 1930 Edward Weston, mai ɗaukar hoto na Amurka, ya ɗauki hoton tattasai guda ɗaya, kuma har yau mutane na ganin bayan mutum da murɗaɗɗun gaɓoɓi a cikinsa, alhali tattasai ne ya ajiye a gaban kyamara. Aaron Siskind ma ya shafe shekaru yana ɗaukar fentin da ke ɓarewa a jikin bango, kamar hotonsa na garin Jerome a jihar Arizona a 1949. Duk wanda ya cire sama da ƙasa da ƙofa daga hoto ya hana ido ma'auni, don haka dole mai kallo ya cike gurbin da abin da ke ransa. Matar da ta ga tsohuwa ta tsaya ta duba da kyau, kuma a ganina wannan shaida ce cewa hoton ya riƙe ta.

Mai Hoto Sabon Gari: Na yarda da Malama, amma da sauran magana. Idan da gaske magina kake son a tuna, to nauyin yana wuyanka. Ka bar wata alama a gefen hoton, ko da kan azara ne ko ƙasan zanko, domin a san gini ake kallo. Ka kuma duba ko ba ka cika ƙara kaifi a kwamfuta ba, domin yawansa na mayar da laka ta zama kamar dutse. Takarda marar sheƙi ta fi dacewa da irin wannan aiki.

Ɗan Dala: Na gode ƙwarai. Maganar kaifin gaskiya ce, na koma na duba na ga na wuce gona da iri. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wajen katangar da sassafe, in ɗan ja da baya har azara ta shigo, sannan in kai wa wani dattijon magini na unguwarmu hotunan biyu in ji wanne zai gane a matsayin aikinsu.