Jaraba ta dawo min, ya zan yi?

Sabon_Rai: Salama 'yan'uwa. Na bar giya tun da na karɓi Yesu amma yanzu aiki ya tsaya, tsoffin abokai sai kira suke, ina addu'a amma ji nake ƙarfina ya ƙare.

Mama_Salama: Ɗana ai dama ba ƙarfinka ne zai riƙe ka ba. Duba 1 Korantiyawa 10:13, Allah baya bari a jarabce ka fiye da abin da zaka iya ɗauka, kuma yana buɗe mafita.

Bawan_Yesu: Gaskiya Mama, amma mafitar wani lokaci gudu ne fa, Yusufu bai tsaya musu da matar Fotifar ba, rigarsa ma ya bari a hannunta. Goge lambobinsu yau, ka samu fasto ku yi magana.

Sabon_Rai: Na gode, ku ci gaba da sa ni a addu'a.