Waƙa ta ɓace, kundi ya rabu biyu: laifin manhaja ne ko na bayanan fayil?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce wadda na daɗe ina faɗa wa masu kawo mini kwamfutocinsu: idan kundi ɗaya, wato album, ya fito sau biyu a manhajar tara waƙoƙi, ko kuma wasu waƙoƙinsa suka yi ɓatan dabo, laifin na bayanan da aka rubuta a cikin fayilolin ne, manhajar ba ruwanta. Manhaja ba ta sauraron waƙa, rubutu kawai take karantawa. A fayil ɗin MP3 ana ajiye wannan rubutu bisa tsarin ID3, wanda yake da gurbin sunan waƙa, da na sunan kundi, da gurbi biyu na mawaƙi: TPE1 na wanda ya rera waƙar, da TPE2 wanda yawancin manhajoji suke ɗauka a matsayin mai kundin gaba ɗaya. Idan aka bar TPE2 babu komai, kuma a waƙoƙi biyu aka haɗa sunan baƙon mawaƙi a TPE1, manhajar takan ware waɗannan biyun ta buɗe musu kundi na daban, sai mai kwamfutar ya zo yana cewa sun ɓace alhali suna nan a ƙasa kaɗan. Saboda haka maganin guda ne: a gyara bayanan da MusicBrainz Picard, manhajar gyara bayanan waƙoƙi, sannan a goge duk abin da ya maimaitu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. A kan rabuwar kundi na yarda da kai, amma ɓacewar waƙa wani ciwo ne daban, kuma bai kamata a ba su magani ɗaya ba. Manhajar tana riƙe da nata rumbun bayanai, inda ta rubuta adireshin kowane fayil. Idan waƙoƙin suna kan faifan ajiya na waje wanda Windows ta ba harafin E jiya, yau kuma aka riga aka soka filasha ta karɓe harafin, faifan ya koma F, to adireshin duk ya tashi daga aiki, kuma shi ya sa iTunes, manhajar tara waƙoƙi ta Apple, yake sa alamar motsin rai a gefen waƙar da ya kasa samu. Bayanan fayil ɗin lafiyarsu ƙalau a wannan hali. Haka nan a wayar Android, fayil ɗaya mai suna .nomedia idan yana cikin folda ya isa ya ɓoye duk waƙoƙin da ke ciki daga manhajojin da suka dogara da binciken wayar. Wanda ka tura ya gyara TPE2 a nan zai yini yana aikin banza.

Injiniya Bashir: Hajiya ta yi gaskiya, amma ina ganin Malam Habu ya fi kusa da abin da aka fi fama da shi. Sai dai akwai wurin da maganarsa ta yi rauni. Tsarin ID3 ba ɗaya ba ne. Na farko, wanda ya fito a 1996, bayit 128 ne kacal a ƙarshen fayil, kuma haruffa 30 ya ware wa sunan kundi, don haka duk sunan da ya wuce haka sai a datse shi. ID3v2.3 ya zo a 1999, ID3v2.4 kuma a 2000, har gurbin shekara ma suka sha bamban, domin ID3v2.3 yana amfani da gurbin TYER, ID3v2.4 kuma TDRC. Fayil ɗaya yana iya ɗauke da tsohon tsari da sabo a lokaci guda, kowanne da abin da ya rubuta. Manhaja ɗaya ta karanta wannan ta nuna kundi guda, wata ta karanta wancan ta nuna biyu, alhali ba a taɓa fayilolin ba. To a nan, Malam, yaya za a ce manhaja ba ruwanta, tunda ita ce ta zaɓi wanda za ta karanta? Mu kuma muna da ƙarin matsala, domin tsohon tsarin ba ya ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, shi ya sa za ka ga Ɗan Maraya da Dan Maraya da Danmaraya sun zama mawaƙa uku a jeri ɗaya.

Baba Ado: Ni ba wannan ne ya tayar mini da hankali ba, ƙarshen maganar Malam Habu ne, inda ya ce a goge duk abin da ya maimaitu. Habu, ina roƙonka kada ka ƙara faɗa wa kowa haka ba tare da sharaɗi ba. Yawancin abin da ke kan kwamfutata daga kaset aka juyo shi, kuma duk wanda ya san waƙar baka ya san mawaƙi kamar marigayi Mamman Shata ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Suna ɗaya ne, amshi ɗaya ne, amma wadda aka ɗauka a gidan rediyo daban take da wadda aka ɗauka a wajen biki. A ta bikin da nake da ita kalangu ya danne muryar 'yan amshi, ana jin hayaniyar jama'a, kuma a tsakiya ya sako sunayen mutanen da ke zaune a wurin, waɗanda babu su ko kaɗan a ɗayan. Akwai kuma waƙar da kaset ya ƙare tana tsakiya aka juya bayansa, ta zama fayil biyu masu suna ɗaya, na farko da ci gabansa. Manhajar da ke neman maimaici da suna za ta ce ɗaya ya isa. Idan aka bi ta, an goge rabin waƙa, kuma kaset ɗin da aka juyo ta daga ciki wataƙila ya riga ya lalace, mai shi ma ya rasu. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ka kawo bai rushe maganata ba, ƙarfafa ta ya yi. Da wanda ya juyo kaset ɗin ya rubuta a gurbin kundi cewa wannan ɗaukar rediyo ce, wancan na biki ne, ya kuma sa wa rabin waƙar lamba ta ɗaya da ta biyu, babu manhajar da za ta kira su maimaici. Mu dubi yadda waƙoƙi suke zuwa hannunmu: daga masu tura waƙa a kasuwa, ko ta Xender, ko ta WhatsApp inda sunan fayil yake komawa AUD da kwanan wata, kuma sau da yawa a gurbin kundi sunan shafin da aka sauko da waƙar ne a rubuce. Wace manhaja ce za ta tsara wannan?

Zainab: Kawu Habu, ina neman afuwa, amma Picard ɗin da kake ba da shawara shi ma yana buƙatar ido. MusicBrainz, rumbun bayanan waƙoƙi na intanet da Picard yake dogara da shi, ya bambanta kundi a matsayin aiki guda da kuma kowace fitowarsa: ta farko, da wadda aka sake tace sautinta bayan shekaru, da wadda aka ƙara wa waƙoƙi, da ta Japan wadda sau da yawa takan zo da ƙarin waƙa. Idan mutum yana da fitowa mai waƙa 10 aka haɗa ta da mai waƙa 13, zai ga gurbi uku a buɗe ya ɗauka ya yi asara, alhali bai taɓa mallakar su ba. Idan kuma rabin fayilolin suka faɗa wannan fitowa rabi suka faɗa waccan, gyaran da kansa ne ya raba kundin. Game da kaset ɗin Baba kuwa, AcoustID, wanda Picard yake amfani da shi wajen gane waƙa ta sautinta, ba ya gane abin da babu wanda ya taɓa shigar da shi rumbun, kuma ɗaukar biki da ke hannun mutum ɗaya ba za ta kasance a can ba. Ko a iTunes, umarnin nuna maimaici suna da mawaƙi kawai yake dubawa, sai an danne Shift a Windows kafin ya haɗa da sunan kundi, kuma ko a hakan rubutu yake gwadawa. Abin da na amince da shi shi ne na FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti, wanda yake ajiye lissafin MD5, wato wata lamba da ake fitarwa daga sautin kansa, a cikin fayil. Idan na fayil biyu ya zo ɗaya, sautinsu ɗaya ne ko da an rubuta musu sunaye daban.

Hajiya Rabi: Kafin ma a kai ga wannan, a fara buɗe foldar a ƙirga fayilolin da ido. Idan suna nan kuma suna kunnuwa, matsalar tana tsakanin adireshi da bayanai. Idan kuwa sunan yana nan amma fayil ɗin ya ƙi buɗewa, a tuhumi katin memori, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, suna karɓar waƙa har su cika ainihin cikinsu, abin da ya biyo baya kuma ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba.

Malam Habu: Wannan na karɓa, Hajiya, kuma zan sa shi a gaba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa a cikin kwamfutocin da ake kawo mini, gurbin TPE2 da aka bari a buɗe ya fi canjin harafin faifai yawa nesa ba kusa ba. Baba Ado, idan ka amince, ka kawo faifan naka ranar Asabar, mu fara kwafe shi gaba ɗaya a wani faifan kafin a taɓa komai, sannan ka zauna kana saurare kana faɗa mini wurin da aka ɗauki kowace waƙa, ni kuma ina rubutawa da hannu.

Baba Ado: Zan kawo, in sha Allahu, amma da sharaɗin duk fayil ɗin da ka yi zargin maimaici ne za a matsar da shi wata folda a ajiye, ba za a goge ko ɗaya ba sai na saurari duka biyun daga farko har ƙarshe.