Bashi ne ya karya shaguna ko fetur?

Mai Tireda: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Kullum cewa ake cire tallafin mai ne ya rufe shagunan unguwa. Ni na ce bashi ne. Tun da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya samu wurin fakewa. Mutum zai ɗauki taliya da sukari da magi, ya ce sai ƙarshen wata. Ka koma kasuwar Singa ta Kano sari ka tarar katan ya ƙara kuɗi, naka kuɗin kuma suna kwance a littafi. Ko ya biya, ba za su maido maka kayan da ya ɗauka ba. Macuta sun cinye mana jari, mu kuma muna ta zagin gwamnati.

Maman Hanif: Wa'alaikumus salam. Malam, su wa kake kira macuta? Magidancin da yaransa suka kwana da yunwa ya zo ya rufa asirinsa a shagonka?

Ɗan Kwari: Kalmar ta yi nauyi. Addini bai hana cin bashi ba. Ka janye ta.

Mai Tireda: Ba zan janye ba, Alhaji. Wanda ya ci bashinka ya koma shagon gaba yana saye da kuɗi hannu, me sunansa?

Malamin Firamare: Sunansa mai jin kunya. Lokacin da fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 a 'yan kwanaki, mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne. Sai a Yulin 2024 aka mayar da shi dubu 70, a shekarar kuma lita ta wuce naira dubu. Da me zan biya ka?

Maman Hanif: Idan macuta ake nema a duba masu ƙara farashi kan tsohon kaya. Dala ta hau kun hau, ta sauko kun yi shiru.

Ɗan Kwari: Hajiya, a nan kuma ba ki yi adalci ba. Idan na sayar da atamfa a tsohon farashi, da me zan saro wata? Kuɗin sari na gobe ake dubawa, ba na jiya ba.

Maman Hanif: Ku 'yan Kwari ai bakinku ɗaya.

Ɗan Kwari: Mu da baƙinmu na Nijar suka ɗauke ƙafa bayan juyin mulkin Yulin 2023? An rufe iyaka, mutanen Maraɗi da Damagaram ba hanya ta Jibiya ko Maigatari. Wata da watanni muna kaɗa ƙuda. Wa muka cuta?

Tela Ƙofar Ruwa: Ni ba littafin bashi gare ni ba, amma na sallami yara biyu. Babu wuta, janareto ya fi ƙarfina, mutane sun koma gyaran tsohon ɗinki ko da sallah. Bashin wa ya yi mini wannan?

Ɗan Jar Hula: Ku da kuka zaɓe su ai sai ku yi haƙuri.

Mai Tireda: Kai yaro, wa ya gaya maka wanda na zaɓa?

Ɗan Jar Hula: Bakinka, Baba. Duk wanda ya wanke gwamnati ya kira talaka macuci mun san gidansu.

Tela Ƙofar Ruwa: To canjin kuɗi na farkon 2023 fa, da muka wuni a layin banki, masu POS suna sayar mana da kuɗinmu? Wannan kafin Tinubu ne.

Ɗan Jar Hula: Jam'iyya ɗaya ce, Yaya.

Maman Hanif: Ni har yanzu ina jiran a janye macuta. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida, rabin layinmu ina bin su, ban taɓa kiran kowa haka ba. Su ma ranar da firjina ya ƙone su suka haɗa mini kuɗin gyara.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Ni ma shago gare ni, na san zafin littafin nan. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda bashi ne babban abin da ke durƙusar da mai ƙaramin jari, kuma Malam Mai Tireda bai yi nufin zagin kowa ba. Maganar fetur da iyaka a bar wa masu mulki. Ɗan Jar Hula, ka sake kawo siyasa zan cire ka.

Maman Hanif: Kusan kowa? Ranka ya daɗe, ƙirga mu. Ku biyu ne.