Neman shawara: tantance takardun haƙƙin ɗan Adam da kwamfuta

Ɗalibar Kongo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina digiri na biyu a fannin shari'a. Malamina ya ce in bibiyi yadda dokokin haƙƙin ɗan Adam na duniya ke sauyawa, kuma in sa kwamfuta ta tantance takardun. Ni ko manhaja ban iya rubutawa ba. Ta ina zan kama?

Barista Barnawa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duniya ta yi faɗi, ki tsuke batun. Ki kama bitar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa kowace ƙasa a Janeba, wato UPR. An fara ta a 2008, Najeriya kuma ta zauna sau huɗu: 2009, 2013, 2018 da 2024. A kowane zama ƙasashe na ba da shawarwari gajeru, an rubuta wadda ta bayar, da kuma ko Najeriya ta amince. Ƙungiyar UPR Info ta tara su wuri ɗaya, kyauta.

Ɗan Kawo: Anti, ba sai kin iya rubuta manhaja ba. Ki sauke AntConc, kyauta ne, kuma da zarar ya hau kwamfuta ba ya cin data. Ki sa kalmar da kike nema, zai jero miki duk inda ta fito, kalmar a tsakiya, abin da ya gabace ta a hagu, na bayanta a dama. Nan za ki ga da me ake haɗa maganar hukuncin kisa a 2009, da me ake haɗa ta a 2024. Sai dai takardar da aka ɗauka a hoto sai an bi ta da Tesseract, mai mayar da hoto rubutu, kuma yakan cinye haruffa, dole ki duba da ido.

Malamin Tudun Wada: 'Yata, ki kiyayi abu ɗaya. Yawan ambato ba shi ne yawan aukuwa ba. Wani masani, Christopher Fariss, ya nuna a 2014 cewa masu rubuta rahoto irin su Amnesty da ma'aikatar harkokin wajen Amurka sun ƙara samun labari, sun kuma tsaurara ma'auni. Abin da a da ake kawar da kai, yanzu rubutawa ake. Sai ki ga adadi ya hau, ki ɗauka zalunci ne ya ƙaru, alhali idon mai kallo ne ya ƙara buɗewa.

Ɗalibar Kongo: Na gode Baba. To maganar da ake yi cewa kwamfuta na iya hango hukuncin kotu fa?

Barista Barnawa: Binciken 2016 ne, kan ƙararraki 584 na kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ya dace da kashi 79 cikin ɗari. Amma abin da aka ba kwamfutar daga cikin hukuncin aka ciro shi, wanda kotu ta rubuta bayan ta san matsayinta. Kar ki gina aikinki a kai.

Maman Yusra: Ni roƙona kar ki manta da Afirka, abin na damuna sosai. Sai a 2022 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da haƙƙin samun muhalli mai tsafta. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka kuwa tun 1981 ta sa shi a sashe na 24, kuma a 2001 hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta yi aiki da shi a ƙarar Ogoni. In takardun Janeba kaɗai kika ƙirga, jadawalinki zai nuna kamar jiya aka fara zancen. Ga kotun ECOWAS nan kusa a Abuja, ita ta kama Nijar da laifi a 2008 kan gaza kare Hadijatou Mani daga bauta. Wasu hukunce-hukuncen da Faransanci suke, ki ware su daban kafin ki ƙirga.

Ɗalibar Kongo: Hajiya, wallahi ban yi wannan tunanin ba. Zan fara da zama huɗun Najeriya, in kwatanta da na Banjul kan muhalli.

Malamin Tudun Wada: Madalla. Ki tsinci wasu shawarwarin ki karanta da kanki, ki ga ko sun dace da abin da kwamfutar ta ce.

Ɗan Kawo: In kin shigo Kaduna ranar Asabar ki taho da kwamfutarki da caja, Anti. Zan sa miki AntConc mu gwada da na 2018.