Ku da kuka zauna da Bangalawa, yaya suke cewa asara?

Mai Turare, Jidda: Assalamu alaikum. Akwai wani yaro ɗan Bangaladash da ke taya ni tsaron shago. Shekaranjiya kwalin turare ya suɓuce masa, kwalba uku suka tarwatse, sai ya dafe kai yana ta "los, los". Na ce wannan ai "loss" ɗin Turanci ne. Jiya kuma muna lissafi na ji ya ce "loksan". To wanne ne nasu?

Ɗan Gazipur: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka biyun suna bakinsu. Shekara huɗu na yi ina karatu a Gazipur, kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash, kuma duk ɗan kasuwar da ka taya wa kaya da araha zai ce maka "los hobe", wato faɗuwa zai yi. Wannan aron Turanci ne. "Loksan" ta fi daɗewa, daga "nuƙsan" na Larabci take, tushe ɗaya da naƙasa tamu. Riba kuma "labh", shi ya sa suke haɗa "labh-loksan" kamar yadda muke cewa riba da asara. Amma duk a harkar kuɗi da ciniki suke.

Maman Ihsan: Ai kuwa da na san haka da ban sha kunya ba. Maƙwabciyata a Makka, Babangaliya, mahaifiyarta ta rasu a gida. Na shiga gaisuwa, na zauna kan darduma, ina so in ce an yi rashi, sai na kama hannunta na ce "loksan". Matan ɗakin suka yi tsit. Daga baya 'yarta ta ja ni kicin ta ce, "Anti, ai kin mayar da kakata haja." Musulminsu "intekal" suke ce wa rasuwa, baƙin cikin kuma "shok". Da Innalillahi kawai na tsaya, da ta wadatar.

Tsohon Soja: Hajiya, sannu. Mu a Laberiya muka haɗu da sojojinsu wajen aikin Majalisar Ɗinkin Duniya. In muka ci su a ƙwallo sai su ce "here gechhi". Ranar da tocilan ɗin ɗayansu ta ɓata kuwa, "hariye gechhe" ya dinga yi. Kunnena bai taɓa raba su da kyau ba.

Ɗan Gazipur: Haka ne, Baba. Na farko shan kaye, na biyu ɓatan abu. Alhaji, kwalabenka ma sun fi dacewa da "khoti", wato ɓarna. Diyyarta "khotipuron".

Mai Turare, Jidda: Na gwada wa yaron shagona "khotipuron" ɗin da safe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na yafe masa biyu, ɗaya za mu raba.