Ganyen attaruhuna yana nannaɗewa, furen kuma yana zubewa

Maman Hanifa, Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Na shuka attaruhu da tattasai a cikin buhu 12 a bayan ɗakin girkina, sun kuma yi kyau har sun fara fure, amma tun shigowar bazara sai sabon toho ya riƙa nannaɗewa yana ƙanƙancewa, furen yana zubewa kafin ya ƙulla 'ya'ya. Idan na taɓa ganyen nakan ji danƙo a hannuna, wani ma ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ga kiyashi yana hawa yana sauka. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya, ni kuwa ina jin tsoro, domin daga nan nake tsinka in saka a miyar yara. Shin mene ne wannan, kuma yaya zan yi da shi?

Manomin Rani, Kura:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki kusanci shukar da fiya-fiya, domin guba ce mai ƙarfi, kuma wanda ake haɗawa a kwalba ana tallarsa ba a san adadin abin da ke ciki ba. Kafin a yi maganar magani, ki fita da sassafe ki juya bayan ganyen ki duba, saboda a nan ɓarnar take ɓuya. Idan kika ga ƙananan ƙwari kore ko baƙi sun yi cincirindo a kan toho, darɓa ce. Idan kuma kika girgiza shukar wasu fararen ƙwari suka tashi kamar gari, farin ƙuda ne. Dukansu biyu ruwan ganye suke tsotsa su fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi ne danƙon da kike ji, a kansa baƙin nan yake tsirowa, kuma shi kiyashi yake bi, har yana kare darɓar daga ƙwarin da ke cinye ta.

Abin da nake yi wa na tsakar gidana shi ne in fara wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. Sai in daka ƙwallon 'ya'yan darbejiya busassu kamar giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, in jiƙa ya kwana, in tace da ƙyalle, in narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, bayan rana ta yi sanyi, a kuma maimaita duk mako, domin feshi ɗaya ba ya gamawa da waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya.

Baba Mai Lambu, Hotoro:

Bayanin Malam daidai ne, sai dai akwai abin da ya kamata 'yar nan ta sani don kada ta wahalar da kanta. Waɗannan ƙwari suna ɗauke da cuta daga wata shuka zuwa wata, kuma shukar da cutar ta riga ta kama, wadda ganyenta ya yi dabbare-dabbaren rawaya ta tsumbure, ko an kashe ƙwarin ba za ta warke ba. Irin wannan tugewa ake yi a ƙone, tun ba ta shafi saura ba. Na san da ciwo mutum ya tuge abin da ya raina, ni ma na taɓa jinkiri har na rasa kwami guda. Ki kuma lura da wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa, kada ki kashe shi, darɓa ce abincinsa.

Maman Hanifa, Ɗorayi:

Na gode, Malam, na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Na duba yau da safe, darɓa ce jingim a bayan ganyen. Buhu 3 sun yi rawayan da Baba ya faɗa, na tuge su. Idan darbejiyar ba ta yi ba fa?

Manomin Rani, Kura:

Ki ba ta mako biyu tukuna, Hajiya. Idan abin ya ƙi, ki tsinki ganyen ki saka a leda ki nuna wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, ya faɗa miki maganin da ya dace. Ki tabbata maganin yana da lambar NAFDAC, sannan ki cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar tsakanin feshi da tsinka kafin attaruhun ya shiga tukunya.